Kunnen Kawu na Hagu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a gidansa da ke unguwar Utaibiyya a Makka bayan ya sha jinyar tsufa. An sallace shi a Harami bayan la'asar tare da wasu gawawwaki. Ladan ya ce a yi salla ga mamata, bai kira sunan kowa ba, kamar yadda aka saba. Kabarinsa ma babu suna, dutse ne kawai ta wajen kai. Ni ba marubuci ba ne, sana'ata saye da sayar da tsofaffin firji da na'urar sanyaya ɗaki ce a Ka'akiyya. Amma na ga yadda ake kwashe gidan mutum bayan ya mutu, don sau da yawa ni ake kira in saya. Ba na so a kwashe Kawu haka, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

A zaman makoki an jera kujeru a lungu, an rataya fitilu, ana zagayawa da gahawa tsakanin magariba da lisha. Mu dangi muna tsaye a layi, ɗan Kawu, wanda shi kaɗai ne namiji a 'ya'yansa, yana kan gaba. Mutane na zuwa suna miƙa hannu, wannan ya ce Allah ya girmama ladanku da Larabci, wancan ya ce Allah ya jiƙan rai da Hausa. Mafi yawan tsofaffin da suka zo abokan aikinsa ne na zamanin shibriyya, wato gadon katakon da ƙarti huɗu ke ɗorawa a ka su yi wa gajiyayyu ɗawafi, kafin kekunan yanzu su zo. Wani cikinsu ya ce Kawu bai taɓa yarda a ba shi kusurwa mai sauƙi ba. Wani ya ce ranar Arfa ya taɓa ganinsa ya saɓa manyan bulon ƙanƙara biyu a kafaɗa cikin rana tsaka, yana yi wa na bayansa tsiya wai sun cika nauyin jiki. Wata maƙwabciya ta aiko daga ɓangaren mata cewa 'ya'yanta, waɗanda yanzu suna da furfura, har gobe Mai Kunne suke kiransa, kuma ba su san yana da wani suna ba.

Sai ga wani tsoho ɗan asalin Chadi, wanda ba ya gani sosai, ana riƙe da hannunsa. Ya kama hannun ɗan Kawu ya ce da ƙarfi, kamar yadda masu nauyin ji ke magana, "To, yaro, ya tafi da rugbinsa ke nan!"

Duk wanda ya san gidan ya san ba a ambatar wannan kalma a gaban ɗan Kawu. Na ga mutane suna satar kallonsa. Shi kuwa ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, ya ƙi saki, har masu jiran layi suka fara gyaran murya. Wasu sun ɗauka fushi ne. Ni na san ba fushi ba ne, don ina tare da shi a wurin wanka da safiyar ranar.

Sai na koma baya kaɗan, saboda wanda bai san Kawu ba.

A nan Makka aka haife shi. Iyayensa Kanawa ne da suka taso da ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna noma kafin su ƙetare ruwa. Yana saurayi ya gangara Jidda dakon tashar jiragen ruwa, daga nan ya sami aiki a cikin wani jirgin kaya. A wata tafiya zazzaɓi ya kwantar da shi a arewacin Ingila, jirgi ya tafi ya bar shi a asibiti. Da ya warke ya bi wasu 'yan Yaman zuwa wani garin masaƙu, ya kama aikin ɗaga buhunan ulu. Can ne wani ya ga yadda yake cilla buhu ya ce ya zo fili ranar Talata.

Wasan da 'yan rediyo ke kira zari-ruga, shi rugbi yake ce masa, kuma in ka ce ai duk ɗaya ne da na 'ya'yan masu hali, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Kai, Dillali, buɗe kunnenka," haka yake kirana tun kafin in zama dillalin. "Nasu mutum goma sha biyar ne, namu goma sha uku. Su suka ce abin kunya ne a biya mutum don ya yi wasa, saboda ubansu ya tara musu. Namu kuwa masu saƙa ne da masu haƙar kwal. In sun bar aiki ranar Asabar don wasa, gidansu ba a ɗora tukunya. Suka ce a mayar musu da ladan ranar, aka ce a'a. Suka ce to ku riƙe naku, mun ware. Ka ga asalinmu ke nan."

Namu yake cewa, yana zaune a tabarma a Utaibiyya da carbi a hannu.

Tarihin kulob ɗin garin yana kansa kamar yadda malami ke riƙe da sunayen waɗanda ya yi karatu a hannunsu. A ɗakin bayan wani coci aka kafa shi. Filin a bayan layin dogo yake, fadama ce, ma'aikata suka riƙa kwaso tokar masaƙa a baro bayan an tashi aiki har suka cike ta, shi ya sa in ka faɗi a filin, tabon da za ka samu shuɗi ne. Sau ɗaya tak suka taɓa cin babban kofi, tun kafin a haifi Kawu, kuma a keken kwal aka zagaya gari da shi don babu motar da ta fi shi daraja a wurinsu. Yana jero shugabannin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, wane ya miƙa wa wane, wannan rami ya rufta da shi, wancan yaƙi ya ci shi, wancan ya tsufa yana sayar da shayi a ƙofar fili. Bai taɓa kiransu da sunayensu na Turanci ba. Duk ya raɗa musu na Hausa, ya ce harshensa ya gaji da nasu tun yana can.

Dokar wasan kuwa har a barci zan iya faɗinta. Ka rungumi ƙwallo ka ruga gaba, amma in za ka ba ɗan'uwanka, baya za ka miƙa masa. In an kayar da kai, ka miƙe nan take, ka ajiye ƙwallon a ƙasa, ka tura ta da diddige ga wanda ke bayanka. "Ba a kwanciya a jira a ce sannu," in ji shi. Haka yake gaya wa yaransa na shibriyya in wani ya yi tuntuɓe. Haka ya gaya mini ranar da kasuwata ta farko ta rushe na zo ina yi masa ƙorafi. Bai tausaya mini da baki ba. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar shago da igiya a kafaɗa. Firjin farko da na sayar bayan wannan faɗuwa, a bayansa ya hau bene hawa uku, alhali ya kusa sittin. Da muka sauko na ce, "Kawu, me zan ba ka?" Ya ce, "Ruwa. Kuma gobe ka nemi mai ƙasa-ƙasa, ba mai bene ba."

Jikinsa shi ne littafin tarihin, kuma kowane tabo da mai shi. Ƙashin wuyansa na dama, wanda ya haɗe a karkace, aikin Ɗan Mahauci ne, wani ƙato da ya ƙi jinin ganin baƙar fata a filinsu, ya take shi a makon farko na atisaye. Kawu ya dawo da hannu a rataye ya tsaya gefen fili kowace Talata har ya warke. Daga baya shi wannan Ɗan Mahaucin ne ya lura Kawu ba ya cin nama, dankali da kifi kawai, ya kai shi bayan shagon ubansa ya miƙa masa kaza mai rai da wuƙa, ya ce ya yanka irin yankansu. Haƙarƙarinsa biyu na hagu kuwa gwiwar Gajere ce, bisa kuskure, suna rububin ƙwallo cikin taɓo. Gajere shi ne mafi ƙanƙanta a kulob ɗin kuma mafi baki, shi ke tsayawa a ƙofar ɗakin canza kaya in Kawu yana salla, yana zagin duk wanda ya matso. Akwai kuma tabon takalmi a gadon bayansa ta ƙasa, inda wani ɗan kwal na garin maƙwabta ya taka shi da gangan yana kwance. Gajere ya yi tsalle ya ɗafe wuyan mutumin kamar biri, aka kore su su biyun.

Saura kunne. Kunnensa na hagu ya nannaɗe ya dunƙule kamar busasshen ɓaure, shi ne abin da kowa ke fara gani. Wannan kaɗai ne bai taɓa ba da labarinsa ba. Ina tuna ɗansa yana ƙarami, yana zaune a cinyarsa yana jan kunnen yana cewa, "Abuya, wannan fa? Wa ya yi?" Kawu ya ce, "Wannan naka ne, na ajiye maka. Sai ranar aurenka." Kullum amsar ke nan. Yaron ya haddace sauran tabban duka, yana nuna su da yatsa yana kiran masu su, har matar Kawu ta riƙa cewa, "Ni dai ɗan shibriyya na aura, ban san da Turawa goma sha biyu zan zauna ba."

Mutane da yawa ba su yarda da labarin ba, kuma ba zan ce ba su da dalili ba. Rigar wasan da aka ba shi ranar da zai taho, lokacin da wani ɗan jirgi ya kawo masa saƙon ciwon mahaifiyarsa, da hoto ɗaya da yake da shi, duk sun ɓace a akwati lokacin da aka rushe tsohuwar unguwarmu. Turawan kuma wani suna suka laƙaba masa da bakinsu zai iya, shi kansa bai san yadda ake rubuta shi ba. Na sa an duba mini a waya, ba a sami komai ba. Amma ni na yarda, kuma ba don kawuna ne ba. Aikina ke nan, sauraron masu yabon kayansu. Mai ƙarya kullum labarinsa ƙiba yake yi, bana ya fi bara. Na Kawu bai taɓa ƙaruwa ba. Kullum a ƙungiya ta biyu ya fi bugawa, kullum 'yan lokuta kaɗan aka sa shi a ta farko, kuma kullum cinye su aka yi. Ban taɓa jin maƙaryacin da ya shekara hamsin ana cinye shi a labarinsa ba.

Ɗan Kawu ya girma a makaranta inda yara ke tsokanar duk wanda aka ji Hausa a bakinsa. Ya daina Hausar sai dole. Ya zama mutum mai tsabta, mai kamun kai, ya sami aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal, ba ya son abin da zai sa a juyo a kalle shi. Labarin uba da gajeren wando yana birgima a taɓo da Nasara ya zame masa kaya. Da ya tashi aure, ya nemo 'yar wani gida na 'yan kasuwa masu ji da kansu, waɗanda ba sa jin Hausa ko kalma ɗaya.

Ranar ɗaurin auren ina wurin. An ci shinkafa da rago, an wanke hannu, aka shigo da kankana babba ba a yanka ba. Na ga idon Kawu ya sauka a kanta. Ya miƙe, ya tattare rigarsa ya soke a ƙugu, ya rungumi kankanar a hammata.

"Ya jama'a," ya ce da Larabcinsa na tasha, "na yi wa yaron nan alkawari tun yana cinyata. Yau zan cika. Amma ba za ku gane labarin kunnen nan ba sai kun san yadda ake wasan."

Ya durƙusa, ya miƙe, ya ajiye kankanar, ya tura ta da diddige. Da a fili ne da an yaba. Kankanar ta gangara kan darduma ta daki butar gahawa, gahawa ta watsu a farar rigar uban amarya. Samarin gidan suka tuntsire da dariya, wani har da tafi.

Ango ya miƙe, fuskarsa ta canza. "Halas, ya Abuya! Ya isa!" Ya faɗa da Larabci don kowa ya ji. "Maganar banza ce. Ba ka buga komai ba, dako ka yi a jirgi. Ka bar mu mu huta da wannan tatsuniya."

Kawu ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya saki rigarsa ta sauka, ya je ya ɗauko kankanar da kansa, ya ba uban amarya haƙuri, ya miƙa wa mai hidima ya ce, "A yanka wa baƙi." Ya koma ya zauna.

Kada wani ya ɗauka sun rabu. Ba su rabu ba. Ɗan Kawu bai taɓa fashin zuwa gaisuwa ranar Juma'a ba, yana sumbatar kansa, yana kai shi asibiti, yana kawo jikoki. Ɗa ne nagari, na faɗa kuma zan maimaita. Abu ɗaya ne kawai ya rufe tsakaninsu. In ɗan ya shigo ana cikin hirar rugbi, Kawu sai ya ce, "Yaya zafi a waje?" Shi ɗan bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, shi uban bai taɓa cewa ka ɓata mini ba. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, jikokin suka girma ba su san me ya sami kunnen kakansu ba, ba su ma san akwai abin tambaya ba.

Hirar ta dawo shagona. Bayan la'asar yakan zo ya zauna a kan wani tsohon injin wanki da ya ƙi sayuwa, in nemo masa wasa a waya. Yana kallo yana tsaki. "Ina taɓon? Wannan fili ne ko darduma? Dubi wancan, an taɓa shi ya kwanta. Wallahi da Ɗan Mahauci ne da ya taka shi ya wuce." Ranar da na gano cewa masaƙun garin sun rufe tuntuni, kulob ɗin ya faɗo ƙasa, an sayar da tsohon filin an gina babban kanti da wurin ajiye motoci, na yi shawara da kaina ko in gaya masa. Na gaya masa, don ban saba ɓoye wa mutum lahanin kaya ba. Sai ya ce, "To, tokar da suka zuba fa?" Na ce tana ƙasa, Kawu, ba inda za ta. Na ce ko in sa a nemo mana labarin Gajere. Ya ce, "Kada ka nema. Bar su suna gudu."

A nan ne na taɓa cewa, "Kawu, ni dai ka ba ni labarin kunnen nan. Ni ma ɗanka ne."

"Kai ɗan ƙanwata ne, kuma na fi hira da kai," in ji shi. "Amma ba naka ba ne. Da mai shi."

"Mai shi ya ce ba ya so."

"Bai ce ba ya so ba. Cewa ya yi ya isa. Ran da ya tambaya, yana nan."

Da ciwo ya kwantar da shi, na tare ɗan nasa a bakin ƙofa. Na ce, "Ƙanena, ni ba na kewaye-kewaye. Tsohon nan tafiya zai yi. Yana riƙe da kayanka. Shiga ka karɓa."

"Wane kaya, Yaya?"

"Ka sani."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota. "Bukra, in sha Allah," ya ce, wato gobe.

Ya zo washegari da azahar, ya zauna a bakin gado. Ina tsaye a jikin taga. Kawu ya ɗaga hannu a hankali ya ɗora a kunnensa na hagu, yana kallon ɗansa. Ɗan ya buɗe baki, sai ya ce, "Abuya, kunnen yana ciwo ne? In kira likita?"

Kawu ya sauke hannunsa. "A'a. Ya daina ciwo tuntuni."

Jikoki suka shigo da hayaniya, aka kawo magani, lokaci ya wuce. Ba a jima ba bayan wannan bakinsa ya rufe, sai dai ido.

A gidan wankan gawa an ce mutum biyu daga dangi za su iya shiga su taya. Muka shiga ni da shi. An ce mai wanka ba ya faɗin aibin da ya gani a jikin mamaci. Na tambayi malaminmu kafin in rubuta wannan, ya ce tabo ba aibi ba ne in mai shi yana alfahari da shi a raye. Mai wankan dattijo ne mai sanyin hannu, bai san mu ba. Aka rufe abin da ake rufewa, aka fara ta dama. Ɗan Kawu yana zuba ruwa yana bi da hannu. Na ga hannunsa ya tsaya a kan ƙashin wuya, yatsunsa suna bin inda ya karkace. Gani dai ya sha gani, uban na cikin zanen harami ko yana zaune a gida, kuma yakan ce aikin dako ne. Amma tun yana cinya rabonsa da ya taɓa.

Da aka juya shi ta gefe, tabon takalmin ya bayyana a ƙasan baya, inda zanen harami ke rufewa. Ɗigo-ɗigo ne a jere, shuɗi-shuɗi, siffar tafin takalmi sak, har da diddige. Mai wankan ya dube mu ya ce a hankali, "Allah ya jiƙansa. Mota ta taɓa take shi ne?"

Na buɗe baki zan amsa, ɗan Kawu ya riga ni.

"A'a. Ɗan wasa ne. A Ingila ya buga." Ya faɗa da Larabci. Sannan ya juya harshe zuwa Hausar da na yi shekaru ban ji a bakinsa ba, Hausar yara, yana nunawa da yatsa. "Wannan ɗan kwal ne ya taka shi. Wannan Gajere ne, ba da gangan ba. Wancan na wuya Ɗan Mahauci, shi ne ya ba shi kaza." Bai manta ko ɗaya ba. Mai wankan bai fahimci komai ba, amma ya dakata da butar a hannu har ya gama.

Sai muka zo kan kunne. Ɗan Kawu ya sa auduga ya share shi a hankali, lungu-lungu, ya daɗe yana sharewa fiye da yadda ake bukata.

Da aka fito da makara daga Harami, ɗan Kawu ya shiga kusurwar gaba ta hagu ya ƙi ba kowa, duk da al'adar nan ita ce a riƙa karɓar juna. Tsofaffin shibriyya suna biye suna haki, ɗaya yana cewa, "Ku bar shi, kusurwar ubansa ce."

A daren ƙarshe na zaman makoki, bayan lisha, masu haya suna naɗe kujeru suna sauke fitilu. Na ga ɗan Kawu zaune a dakalin ƙofa da 'ya'yansa maza biyu, yana yi musu bayani da hannu, rabi Larabci rabi Hausa: goma sha uku ne, ba goma sha biyar ba, gaba ake gudu, baya ake miƙawa. Ƙaramin ya tambaye shi wani abu. Sai uban ya taso ya zo inda nake, ya ja ni gefe.

"Yaya," ya ce, "kai da kake zama da shi kullum a shago. Ya gaya maka, ko? Na kunnen."

Da zan iya, da na ƙirƙiro masa. Na san sunayen, na san filin, na san yadda Kawu ke jan magana, ba wanda zai gane. Ya tsaya yana kallon bakina kamar mai jiran sakamakon asibiti. Amma ban taɓa sayar wa mutum firji da injin wani a ciki in ce nasa ne ba.

Na ce, "Na tambaye shi. Ya ce ba nawa ba ne, da mai shi."

Ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakin Kawu, wadda matar Kawu ta riga ta rufe. Ya ce, "Ko Inna?"

"Na tambaye ta jiya. Ta ce ita ma ya hana ta."

Ya gyaɗa kai. Yaron ya biyo shi yana jan rigarsa, yana maimaita tambayarsa da Larabci, wa ya yi wa kaka kunne. Ɗan Kawu ya durƙusa daidai tsayinsa ya ce, "Ban sani ba. Ya ajiye mini, ban je na karɓa ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa inda babu suna a kai, ya sauke masa nauyi kamar yadda ya sauke wa bayinsa a ɗawafi. Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon tambaya tun masu amsa suna ji.